Tagar Kwali

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu bibiyata. Yau ku yi haƙuri da ni. In kun ga kuskure kada wanda ya gyara min, ni kaina na gaji da gyara.

Ga wanda yau ya fara leƙowa: ni malamar Turanci ce. Shekarata ashirin da tara, ban yi aure ba, kuma wannan na ƙarshen shi kaɗai dangina suka haddace a kaina. A gida Baturiya ake ce min, tun ina 'yar sakandare nake gyara wa mai karanta labarai a rediyo lafazi. Da safe ina koyarwa a makarantar 'yanmata, aji huɗu, kowane aji ya haura mutum hamsin. Litinin da Laraba bayan la'asar kuma ina da ajin manya, a wani ɗaki a saman shagon teloli, mai fanka ɗaya da ke juyawa in ta ga dama.

Ɗakina a gida gado biyu ne. Ɗayan na ƙanwata ne, Auta, da ta yi aure bara waccan. Umma ta ce a fitar da shi, na ce a bar min, ina ɗora littattafan ɗalibai a kai. Ku dai na gaya muku gaskiya, ba don littattafai ba ne. In aka fitar da gadon nan ɗakin zai yi min faɗi da yawa. Har yau ƙusar da take rataye mayafinta tana nan, da tabon man gashinta a bango daidai inda take jingina kai tana waya. Da can in na dawo aiki ita nake zazzage wa komai, tun daga malamin da ya yi min kallon banza har takalmin da ya matse ni. Yanzu in na kira ta jaririnta na tsala kuka, sai ta ce, "Yaya, bari in kira ki anjima." Wata na bakwai ke nan ina jiran anjiman.

Yanzu bari in ba ku labarin kwalina, don shi ya ja min duk abin da nake ciki.

Littafi ɗari biyu da ɗoriya a sati, mutum ɗaya, ido biyu. Dole na nemo dabara. Na koya wa ɗalibaina su raba shafi gida uku da rula. Gidan hagu farkon jimla, gidan tsakiya abin da muke koyo a makon, gidan dama ragowar jimlar. Ni kuma na samu kwalin sabulu, na yanke shi daidai faɗin shafi, na fasa masa 'yar taga a tsakiya da reza. In na ɗora shi a kan littafi, hagu da dama sun rufe, gidan tsakiya kawai nake gani. Sai in dinga jan sa ƙasa layi bayan layi, jan biro na biye da shi: daidai, daidai, kuskure, daidai. Littafi ɗaya minti ɗaya. Wallahi har alfahari nake da shi, malamai biyu a makarantarmu ma sun kwaikwaya.

A ajin manya sati shida muka yi a kan abu guda, wanda Turawa ke kira infinitive. Ba wani dodo ba ne. In za ka ce kana son yin abu, ko kana fatan yi, ko ka yanke shawarar yi, sai ka sa 'yar kalmar nan "to", ka biyo ta da aikatau tsurarsa, ba jela ba kwalliya. "I want to go." "I hope to see." Shi ke nan fa. Amma ku zo ku ga manya masu 'ya'ya da jikoki suna zufa a kai.

Hajiya mai shagon kwanuka ita ce uwar ajin. Ta miƙe, ta gyara mayafi, ta ce, "I want to going home."

"Hajiya, cire jelar."

"Wace jela kuma, Malama?"

"Wannan 'ing' ɗin da kika liƙa. 'To go' kawai."

"Ni fa da jelar ya fi min daɗi a baki."

Wani ɗalibin da muke kira Direba daga gefe ya ce, "Malama, ƙyale ta. Ta saba ƙara wa mai saye cokali, ko a Turanci sai ta ƙara."

Aji ya kwashe da dariya. Mutum ɗaya ne ba ya dariya da sauti, murmushi kawai yake yana kallon littafinsa: Mai Walda.

Kujerar baya yake zama, kusa da taga. Dogo ne siriri, idanunsa kullum jajaye saboda wutar walda, bayan hannayensa duk ɗigo-ɗigon tabon tartsatsi. Rigarsa a goge take kullum, shuɗiya ko ruwan toka, su biyun yake juyawa, amma ƙanshin sabulu bai taɓa rufe warin ƙarfe a jikinsa ba. Yana da in'ina mai tsanani. Satin farko na tsayar da shi ya karanta, ya maƙale a kan kalma ɗaya har gumi ya jiƙa masa wuyan riga. Tun daga ranar ban ƙara tsayar da shi ba. Na ce masa, "Kai ka dinga rubutawa, ni zan karanta." Ku riƙe wannan maganar tawa, za ku ga inda ta kai ni.

Wani kamfanin haɗa jiragen ruwa ne can nesa yake neman masu walda, amma sai ka ci jarrabawar Turanci. Shi ya kawo shi ajina. Sati na uku ya ci jarrabawar. Muka yi masa barka, na ɗauka mun rabu ke nan. Laraba sai ga shi a kujerarsa.

Hajiya ta juya ta ce, "Kai da ka ci jarrabawarka, me kake nema a nan kuma? Ko iskar fankar nan ce ta yi maka daɗi?"

Ya sunkuyar da kai. Ni ko a jikina, ina can ina goge allo.

Kujerata ta ƙarfe ce, ƙafarta ɗaya ta tsage tun bara, kullum a karkace nake zama. Wata Litinin na zo na tarar an liƙe ta, an goge wurin sumul, har an shafa masa baƙin fenti. Na ce, "Wa ya yi wannan aikin?" Kowa ya dubi na kusa da shi. Na ce, "Allah ya saka wa mai ɗakin nan, ashe yana ganinmu." Mai ɗaki fa na gode wa, jama'a. Mai ɗakin da ko ƙwan fitila bai taɓa canzawa ba.

Kowane aji aikin gida iri ɗaya nake bayarwa, jimla goma. Da bakina nake cewa, "Kada ku kwafo min daga littafi. Ku rubuta abin da kuke so, abin da kuke fata, abin da ke ranku." In na dawo musu da littattafai kowa ya cusa nasa a jaka ya kama hanya, ban da shi. Shi a gaban teburina yake buɗewa, ya bi jan birona da ido tun daga sama har ƙasa, ya juya bayan shafin, sannan ya ɗago ya dube ni.

"Goma bisa goma," in ce masa. "Babu kuskure ko ɗaya."

"Ba-babu wa-wani abu kuma, Malama?"

"Babu. Ka ci gaba a haka."

Sai ya gyaɗa kai, ya rufe littafin a hankali, ya sauka.

A gida kuwa maganar aurena da Mai Kemis ce ke ci. Ɗan ƙawar Gwaggo ne, yayar Abba, kuma Gwaggo in ta ɗauki magana ba ta ajiyewa sai ta ga ƙarshenta. Kada ku ce mugu ne, ba mugu ba ne. Yana da kemis biyu, farar mota, da turaren da ke riga shi shiga falo. Kullum da safe sai na tashi da hoton fure a wayata, da dogon Turancin da na san ba shi ya rubuta ba. Bayan fure sai saƙon murya, minti bakwai, minti tara: sabbin kantocin da kafinta ya ɓata masa, ciwon bayansa, ma'aikacinsa da ya yi latti. Yakan ce, "Ya aikin naki?" amma kafin in buɗe baki ya wuce zuwa kafinta.

Rannan na gwada shi. Na rubuta: "Yau raina babu daɗi."

Ya amsa: "Ayya. Kin sha magani? Zan aiko miki da na ƙarin jini."

Na daɗe ina kallon saƙon nan. Daga baya na rubuta "Na gode," na kifa wayar a kan gadon Auta.

Sati na biyar ya fara zuwa ɗaukata daga ajin manya, ba tare da na roƙe shi ba. Zai tsaya a ƙasa ya danna ham sau uku, teloli su leƙo, Hajiya ta taɓe ni da gwiwar hannu ta ce, "Malama, ashe da zafinki." Ina sauka ina jin idon mutum a bayana daga tagar baya, amma ban taɓa waiwayawa ba.

Litinin ɗin da ta wuce na ba su aikin aji, ni kuma na ciro littattafan 'yanmata da kwalina don in rage kafin mai ham ya iso. A ajin manya ban taɓa fito da shi ba, a gida nake duba nasu. Ina cikin ja ina sa alama sai na ga inuwa a kan tebur. Mai Walda ne, ya gama nasa ya kawo. Idonsa a kan kwalin.

"Me-mene ne wannan, Malama?"

Ni kuwa baki har kunne. "Sirrin sana'a ke nan. Ka ga, in na ɗora shi haka, gidan tsakiya kawai nake gani. Minti ɗaya na gama da mutum."

"Ha-har namu?"

"Har naku mana. Ina zan samu lokacin karanta surutun kowa?"

Ya tsaya. Leɓensa ya motsa sau biyu, magana ba ta fito ba. Na ɗauka in'inar ce ta riƙe shi, na ce, "Je ka zauna, ba komai." Ya koma kujerarsa, har aka tashi bai ƙara ɗago kai ba.

Laraba da za su miƙa aikin gida, shi ne na ƙarshe. Bai ɗora nasa a kan tarin ba, a hannuna ya sa shi, da hannu biyu.

"Ki du-duba nawa yau, Malama. Do-don Allah."

Ham ya yi ƙara a ƙasa. Na cusa littafin a tsakiyar sauran na ce, "Duka zan duba, kowa da layinsa."

Ban duba ba. A ranar Larabar nan Mai Kemis ya biyo ni har falo ya zauna yana ba Abba labarin kafinta. Alhamis muka yi taron malamai har yamma, na dawo kaina kamar zai tsage. Sai Juma'a, da aka tashe mu da wuri, na ce yau zan gama da su. Na cire kayan aiki, na zura tsohuwar doguwar rigata mai ruwan ƙasa wadda hannunta ya fara zare, na ɗaura ɗankwali, na kwaso littattafai da kwali na fito falo saboda an ɗauke wuta, ɗaki ya yi zafi.

Ashe Gwaggo tana nan. Ta baje a doguwar kujera cikin leshi kore, awarwaro har gwiwar hannu, jakarta a cinya. Umma na gefe tana tsince zaren labule da babu abin da ya same shi. Abba ya ɓuya a bayan jarida.

"Baturiya, zo nan zauna. Miƙo min wannan abin in yi fifita, zafin gidanku sai ya kashe baƙo."

Kafin in ce wani abu ta fizge kwalin daga hannuna.

"Gwaggo, na aiki ne."

"Aiki, aiki. Aikin ne zai kai ki asibiti ranar da kika kwanta? Yaron nan wata biyar yana sintiri. Uwarsa ta kira ni jiya, ta kira ni yau. Me zan ce mata? In ce 'yarmu tana duba littafi?"

"Ina tunani ne, Gwaggo."

"Tunanin me? Kin ga aibinsa? Yana shaye-shaye? Ya taɓa ɗaga miki murya?"

"A'a."

"Akwai wani ne? In akwai ki faɗa, ba a hana ki ba. Ga ubanki nan, ya ji da kunnensa."

Jaridar Abba ta ɗan sauko, idonsa ya leƙo ta sama. Kwalina na ta ƙara a hannun Gwaggo, fat, fat, fat. Na laluba zuciyata tsakani da Allah, na duba ko'ina, ban ga kowa ba.

"Babu kowa," na ce.

Da Gwaggo ce ta ci gaba da faɗa, da na iya da ita, na saba. Umma ce ta karya ni. Ba ta ko dube ni ba, labulen take kallo, ta ce a hankali, "Ni ba korar ki nake ba, Allah ya sani. Amma ina wucewa ta ƙofar ɗakinki ina jin ki kina ba gadon ƙanwarki labari. Abin yana damuna."

Ban san tana ji ba. Kunya ta rufe ni. Na ga kaina nan da shekara goma a ɗakin nan, da gado biyu, da jan biro. Na ji na gaji, gajiyar da barci ba ya maganinta.

"Na amince," na ce. "Ki gaya musu."

Gwaggo ta yi tsalle kamar ba ita ke kukan ciwon gwiwa ba. Ta dinga tafi da kwalina a tsakanin hannayenta har ya rabe biyu, daidai wurin tagar. Ta yar da shi ƙasa ta laluɓo waya. Ina tsugune ina tsince gutsattsarin na ji tana cewa, "Ƙawata, albishirinki! Gobe ku taho, ƙarfe goma, ku gana da mahaifinta."

Na kwashi littattafan na koma ɗaki na rufe ƙofa. Ban yi kuka ba. Na ce bari in yi aiki, aiki ne kaɗai bai taɓa tambayata yaushe zan yi aure ba. Babu kwali, babu wani kwalin sabulun da zan farke, sai na ce yau ɗaya dai a yi da ido. Na jawo littafi daga tsakiyar tarin. Bangonsa an naɗe shi da takardar siminti tsaf, da lambar waya a ƙasa. Na Mai Walda ne. Ya buɗe a shafin sati na biyu.

Ga jan birona nan a jere a gidan tsakiya, alama goma reras. Karo na farko idona ya zame hagu, sannan ya zame dama.

"Malama, I want / to tell / you something that is not homework."

Wato yana so ya faɗa min wata magana da ba ta aikin gida ba. Na karanta sau uku. Na sauka layi na biyu, na uku. Sauran bari in juya muku su da Hausa, don ba zan iya sake kallon Turancin ba.

"Ina so in yi magana kamar kowa, amma bakina ba ya bari. Kin ce in rubuta za ki karanta, shi ya sa na yanke shawarar rubutawa. Ina so in san dalilin da kike tsayawa a taga bayan kowa ya tafi."

Innalillahi. Na juya shafi. Sati na uku: "Na ci jarrabawa, amma na roƙi kamfani su ba ni lokaci in yi tunani. Na yi ƙoƙarin gyara kujerarki ba tare da kin sani ba. Ba na so in ga kina zama a karkace." Goma bisa goma, in ji ni. Har da "Madalla" a ƙasa.

Sati na huɗu: "Yau kin yi dariya da Hajiya, amma da kika juya allo na ga kin daina tun kafin ki ɗauki alli. Ina fata in zama wanda za ki gaya wa abin da ya faru a ranarki. Ni ban iya magana ba, amma na iya saurare. In ba kya so in ci gaba, ki rubuta min kalma ɗaya, zan daina." Ni kuma me na rubuta? "Rubutunka yana kyau."

Sati na biyar, satin ham: "Na ga motar. Ba ni da ikon tambaya. Ina ƙoƙarin in taya ki murna, amma har yanzu ban iya ba."

Hawaye ya ɗiga a kan jan biron ya bazu. Shekara biyu ina kukan babu mai ji na, ina ba katifa labari, ashe mutum yana kujerar baya yana kirga dariyata, yana miƙo min zuciyarsa sau biyu a sati, da hannu biyu, ni kuma ina leƙa ta ta ramin kwalin sabulu ina duba ko ya sa jela.

Shafin ƙarshe shi ne na Laraba, wanda babu jan biro a kansa ko ɗigo.

"Na yi baƙin cikin ganin kwalinki ranar Litinin. Da na ɗauka kin karanta kin zaɓi yin shiru. Yanzu na gane ba ki taɓa karantawa ba, kuma na kasa sanin wanne ya fi ciwo. Kamfani sun ƙi ƙara min lokaci. Motarmu za ta tashi Juma'a ƙarfe sha ɗaya na safe. Na yi alkawarin jira a bakin garejinmu har lokacin. Na bar layi na goma babu komai a tsakiya, tunda nan kaɗai kike dubawa."

Layi na goma, gidan hagu ya rubuta: "Malama, do you want me". Gidan tsakiya fari fat. Gidan dama alamar tambaya kawai. Yana tambayata me nake so ya yi, ya bar min gurbin in cike da kaina.

Na dubi agogon waya. Biyar saura kwata na yamma.

Ban san lokacin da na zari mayafin Umma daga kan igiya ba, ruwan hoda a kan riga ruwan ƙasa, da silifas ɗin wanka. Gwaggo ta ce, "Ina zuwa haka kamar an koro ki?" Na ce, "Littafin ɗalibi zan mayar." A mota na kira lambar da ke bangon littafin sau huɗu, a kashe. Na san garejin, Direba ya taɓa kwatanta shi a aji, bayan gidan mai, inda ake jingine ƙofofin ƙarfe a bango.

Wani dattijo na tarar yana naɗe wayar injin walda, tabarau baƙi a goshinsa. Na gaishe shi.

"Baba, don Allah ɗalibina nake nema. Dogon nan, mai..."

"Ke ce Malamar?" Ya dube ni tun daga mayafi har silifas. "Ni ne ogansa. Shekara tara yana hannuna. Ya tafi, 'yata."

Ya nuna min wani benci na ƙarfe a bakin ƙofa. "Nan ya zauna tun da gari ya waye, da jakarsa. Jiya ma nan ya wuni, ko sandar walda bai taɓa ba. Duk motar da ta tsaya sai ya miƙe. Na ce masa, kai wa kake jira? Bai ce min komai ba, kin san shi. Sha ɗaya saura na ce tashi kada su tafi su bar ka."

Na zauna a bencin. Dattijon ya shiga ciki, ya fito da wani abu a naɗe da jarida.

"Ya ce in kin zo a ba ki. Na ce in ba ta zo ba fa? Ya ce a ajiye."

Falle ne na ƙarfe, siriri, mara nauyi, daidai faɗin shafin littafi. An goge gefunansa sumul yadda ba zai yanki hannu ba, an shafa masa baƙin fenti irin na ƙafar kujerata. Kwalina ne ya ƙera min da ƙarfe. Sai dai tagarsa ba 'yar ƙarama ba ce a tsakiya. Ta taso tun daga wannan gefe har wancan, tsawon layi guda cur.

Na buɗe littafinsa a cinyata, na ɗora ƙarfen, na ja shi ƙasa har layi na goma. Jimlar ta fito gaba ɗayanta, da ramin da ke tsakiyarta. Wayata ta yi ƙara, saƙon Mai Kemis: hoton fure, da "Gwaggo ta gaya min. Gobe ki sa kore, Mama tana son kore." Wani ya biyo, na Umma: "Kina ina? Allah ya yi miki albarka, yau kin faranta min."

Jan biro yana cikin littafin, inda na maƙale shi. Shekara shida ina koyarwa, ban taɓa rubuta komai da shi ba sai hukunci a kan maganar wasu. Na cire murfin da haƙori. A gidan tsakiya na rubuta kalma uku, "to come back", ya dawo. Na ɗauki hoton layin ta cikin tagar ƙarfen, na tura wa lambarsa kafin tsoro ya kamo ni.

Alama ɗaya ce ta fito a gefen saƙon. Bai shiga ba.

Dattijon ya ce, "Hanyar da nisa, 'yata, kwana biyu ce. Wani wurin babu sabis." Na yi masa godiya, na rungume ƙarfen da littafin na kama hanya a ƙasa, ban ma nemi mota ba. Kowane taku goma sai na duba waya. Alama ɗaya a gaban gidan mai. Alama ɗaya a gaban shagon teloli, inda na ɗaga kai na ga tagarsa a rufe.

Na iso gida ana shirin kiran magariba. Tun daga ƙofa na ji Gwaggo tana ba da umarnin a wanke labule, a aro kujeru daga maƙwabta. Umma ta fito da leshina kore a hannu, fuskarta da wani haske da na daɗe ban gani ba, ta ce, "Baturiya, zo ki gwada, ko sai an rage miki shi kafin gobe."

Wayar ta motsa a tafin hannuna. Na duba.

Alama biyu. Saƙon ya isa hannunsa, amma ba su canza launi ba, bai buɗe ba. Na tsaya a tsakar gida, Umma na miƙo min leshi, ina kallon 'yan alamun nan guda biyu masu cewa an karɓa ba a karanta ba. Na san su sarai. Irinsu na yi ta jera masa sati shida, da jan biro.